Yadda Ake Gano Mai Hurumi a Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999

Idan titi ya farfashe, ko shara ta cinye kasuwa, ko aka kwana uku babu wuta, maganar da ake ji a bakin mutane guda ce: gwamnati ta gaza. To wace gwamnatin? Akwai ta tarayya, akwai jihohi 36, akwai ƙananan hukumomi 774 idan aka haɗa da shida na Abuja. A tarayya da jiha kuma iko ya rabu uku, tsakanin masu yin doka, masu zartarwa da masu shari'a. Wanda ya kai kukansa ƙofar da ba ita ba, za a tarbe shi da fara'a, a sallame shi hannu rabbana. Kundin tsarin mulki shi ne ya shata wa kowa iyakar gonarsa, kuma ba sai mutum ya karanta lauya ba kafin ya iya bin wannan shata. Tambaya uku ake yi a jere: matsalar ta wane mataki ce, a hannun wane ɓangare take, kuma kuɗin aikin daga ina suke fitowa.

Fara da samun kwafin da ya dace

Kundin ya fara aiki ranar 29 ga Mayu 1999, ranar da Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki, kuma yawancin abin da ke cikinsa an ɗebo shi ne daga na 1979. Yana da babi 8, sashe 320 da jadawali 7. An yi masa gyare-gyare a 2010, da 2018, da 2023, don haka tsohon bugu zai iya ɓatar da kai. Ga gwaji mai sauƙi. Buɗe sashe na 131: idan ya ce sai mai shekara 40 zai tsaya takarar shugaban ƙasa, bugun ya girmi gyaran 2018 da ya mayar da ita 35. Sannan duba Jadawali na Biyu: idan har yanzu jirgin ƙasa da gidajen yari suna cikin abubuwan da tarayya ta keɓanta da su, bugun bai kai 2023 ba.

Kada ka ɗauke shi daga bango zuwa bango kamar littafin labari, za ka gaji tun ba ka kai rabi ba. Karanta sashe na 1, wanda ya ce duk dokar da ta saɓa wa kundin ba ta da tasiri daidai gwargwadon saɓanin. Sai sashe na 4 zuwa na 7, waɗanda suka raba ikon yin doka, na zartarwa, na shari'a, da matsayin ƙananan hukumomi. Daga nan ka tsallake kai tsaye zuwa jadawalan ƙarshe, domin a can ainihin rabon yake.

Tambaya ta farko: tarayya, jiha ko ƙaramar hukuma

Jadawali na Biyu yana da jeri biyu. Na farko, wanda aka rubuta da abubuwa 68 a 1999, na tarayya ne ita kaɗai: tsaro da soja, 'yan sanda, makamai, kwastan, shige da fice, fasfo, kuɗin ƙasa da bankuna, jiragen sama, sadarwa, ƙidayar jama'a, ma'adinai har da man fetur, da sha'anin ƙwadago. Majalisar jiha ba ta da ta cewa a nan ko da abin a ƙofar gidanta yake. Shi ya sa zinariyar da ake haƙa a Zamfara lasisinta daga Abuja yake fitowa, kuma shi ya sa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ya hau kan gwamnoni duk da ba su ne suka yi dokar ba. Manyan hanyoyin da aka ayyana na tarayya, irin ta Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, su ma a nan suke. Gwamnan da ya gyara irin wannan hanya ya yi ne da aljihun jiharsa, sai ya bi sawun kuɗinsa daga baya.

Jeri na biyu na haɗaka ne, tarayya da jiha kowa na iya yin doka: wutar lantarki, ilimin gaba da firamare da jami'o'i, bunƙasa masana'antu da noma, tattara haraji, ƙididdiga, kayan tarihi, da tace fina-finai. Wannan na ƙarshe shi ne dalilin da Kano take da hukumar tace fina-finai tata, ga kuma ta tarayya. A nan akwai ƙa'ida biyu da ake yawan mantawa. Ta farko tana sashe na 4(5): idan dokar jiha ta ci karo da ingantacciyar dokar tarayya, ta tarayya ce a sama. Ta biyu, kada ka tsaya a kan sunan abu kawai, karanta sakin layin da ke ƙarƙashinsa, domin shi ke faɗin inda kowa zai tsaya. Misali lantarki. Tun 1999 yana jerin haɗaka, amma an taƙaita jihohi ga yankunan da babban layin wuta na ƙasa bai kai ba. Sai a Maris 2023, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran, aka cire wannan takunkumi, jiha ta sami damar samarwa da rarraba wuta a duk faɗinta.

Duk abin da ka duba ba ka same shi a jerin biyun ba, ragowa ne, kuma ragowa ta jiha ce. Babu wani jeri da aka rubuta mata, a nan mutane ke ruɗewa. Masarautu suna cikinta. Kundin 1999 bai tanadar wa sarakuna wani aiki na mulki ba, don haka majalisar dokokin Kano ta iya ƙirƙiro masarautun Bichi, Gaya, Ƙaraye da Rano a 2019, wata majalisar kuma ta soke dokar a 2024. Yawancin dokokin laifuka su ma ragowa ne, wanda shi ne ƙofar da Zamfara ta bi ta ƙaddamar da dokokin shari'ar Musulunci a 2000, wasu jihohin Arewa suka biyo baya. Sai da aka rubuta su a matsayin dokar majalisa, saboda sashe na 36(12) ya hana hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuce yake a doka ba tare da hukuncinsa. Aure ma ya rabu: na rajista hurumin tarayya ne, amma kundin ya fitar da auren Musulunci da na al'ada daga wannan jeri da bakinsa.

Ayyukan ƙaramar hukuma suna Jadawali na Huɗu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, ƙananan tituna da fitilunsu, sa wa tituna suna da lambar gidaje, lasisin keke da baro da kwale-kwale, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. A takarda jerin yana da tsawo. Sai dai sashe na 7, bayan ya tabbatar da cewa dole shugabanninsu zaɓaɓɓu ne, ya bar tsarinsu da kuɗinsu a hannun dokar jiha, zaɓensu kuma hukumar zaɓe ta jiha ke yi ba INEC ba, in ban da Abuja. Wannan, a gaskiya, shi ne wuri mafi rauni a duk ginin.

Batun 'yan sanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin kullum ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa. Sashe na 214 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa, ya kuma hana kafa wata. Sashe na 215 ya ba gwamna damar bai wa kwamishinan 'yan sanda umarni, amma kwamishinan yana iya cewa sai an tuntuɓi shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Muddin ba a taɓa waɗannan sassa ba, Hisbah a Kano da Amotekun a ƙasar Yarbawa da sauran rundunonin sa-kai na jihohi mataimaka ne kawai, ba 'yan sanda ba.

Tambaya ta biyu: majalisa, zartarwa ko kotu

Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. Ta Wakilai tana da 360, an raba su bisa yawan jama'a. Majalisar jiha ba ta gaza mutum 24, ba ta wuce 40. Aikinsu doka, amincewa da kasafi, da sa ido. Ba aikin ɗan majalisa ba ne gina rijiya ko raba babura. Abin da ake kira ayyukan mazaɓu ana cusa su ne a kasafin kuɗi, ma'aikatu da hukumomin ɓangaren zartarwa ke aiwatarwa. Don haka idan aikin mazaɓa ya tsaya, nemo sunan hukumar da aka rubuta aikin a ƙarƙashinta a cikin kasafin, ita ce ta ba da kwangilar.

Hanyar doka tana sashe na 58. Ƙudiri ya ratsa majalisun biyu a kalmomi iri ɗaya, sannan ya je wa shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kowace majalisa ta sake zartar da shi da kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba tare da shi ba. An yi haka a 2000 da dokar hukumar raya yankin Neja Delta a zamanin Obasanjo. Ba kasafai ake yi ba, domin jam'iyyar shugaban ƙasa ita ke yawan rinjaye. Ƙudirin kuɗi yana da tasa hanyar a sashe na 59, inda ƙetare shugaban ƙasa ke buƙatar zaman haɗin gwiwa na majalisun biyu. A jiha tsarin ɗaya ne tsakanin gwamna da majalisarsa.

Kasafi: shugaban ƙasa ke tsarawa ya gabatar, amma ba a cire ko kwabo daga baitulmali sai da izinin majalisa. Idan shekara ta shiga ba a amince ba, sashe na 82 ya ba shi damar ci gaba da kashewa har wata shida, bisa ma'aunin kasafin bara. Majalisa kuma, ƙarƙashin sashe na 88 da 89, tana iya kiran minista ko shugaban hukuma, ta nemi takardu, har ta sa a kawo wanda ya ƙi amsa gayyata. Abin da ba ta iyawa shi ne yanke wa mutum hukuncin laifi. Rahoton kwamitinta shawara ce da tona asiri, gurfanarwa aikin wasu ne.

Naɗe-naɗe su ma hannu biyu ne. Ministoci sai da amincewar dattawa, kuma dole a samu aƙalla ɗaya daga kowace jiha. Tun gyaran 2023 shugaban ƙasa da gwamnoni suna da kwana 60 daga rantsuwa su miƙa sunaye. Alƙalin alƙalan ƙasa kuwa hannu uku ne: Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a ta ba da shawara, shugaban ƙasa ya naɗa, dattawa su tabbatar. Yaƙi ma haka yake. Shugaban ƙasa ne babban kwamandan askarawa, amma sashe na 5 ya hana shi shelanta yaƙi sai da ƙudurin majalisun biyu a zama ɗaya, ya kuma hana tura soja fagen fama a wata ƙasa sai da yardar dattawa, in ban da yanayin gaggawa da aka yi wa sharuɗɗa. Mutanen iyakar Najeriya da Nijar sun ga amfanin wannan a Agusta 2023, lokacin da dattawa suka ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja bayan juyin mulkin Yamai.

Tsigewa ita ce makami mafi kaifi, kuma ita aka fi yi wa gaggawa har ta lalace. Sashe na 143 ne na shugaban ƙasa, na 188 na gwamna, matakan kusan iri ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi mai ɗauke da bayani dalla-dalla. Cikin kwana 14 a kaɗa ƙuri'a, sai kashi biyu cikin uku sun yarda a bincika. Babban alƙali ya naɗa kwamitin mutum bakwai waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba 'yan jam'iyya ba. Kwamitin yana da wata uku. Idan ya wanke wanda ake zargi, magana ta mutu nan take. Idan ya same shi da laifi, sai kashi biyu cikin uku sun sake amincewa. Kashi biyu cikin ukun nan na dukkan mambobi ne, ba na waɗanda suka halarci zama ba. Rashin kiyaye wannan ne ya sa kotu ta soke tsige Rashidi Ladoja na Oyo da Joshua Dariye na Filato, waɗanda aka yi a 2006. Talaka kuma yana da nasa makamin, kiranyen ɗan majalisar tarayya, a sashe na 69: fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu, INEC ta tantance, a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Yawanci a wajen tantance sa hannun ake faɗuwa.

Tambaya ta uku: bi sawun kuɗi

Iko a takarda ba tare da kuɗi ba ado ne. Sashe na 162 ya ce kuɗin shigar tarayya su taru a Asusun Tarayya a raba wa matakai uku. Ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi ya ba tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an ware aƙalla kashi 13 na kuɗin ma'adinai ga jihohin da aka haƙo su. Ana wallafa abin da kowa ya samu duk wata, don haka kafin ka zargi ciyaman ɗinka, duba nawa aka rubuta wa ƙaramar hukumarka, sannan ka tambayi nawa ya iso. Shekara da shekaru rabon ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, inda ake yanka kafin ya ƙaraso: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyansu kai tsaye, ta kuma haramta ɗora kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin dai ya yi ta jan ƙafa.

Ita ma tarayya ba ta da ikon riƙe rabon wani don ta hukunta shi. Da Legas ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar. Kotun Ƙoli a 2004 ta ce ba ta da wannan iko, amma ta ƙara da cewa sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu cikin Jadawali na Farko.

Wace kotu

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne shigar da ƙara a kotun da ba ta da hurumi, domin ko an shekara biyar ana yi, kotun sama za ta rushe komai a koma farko. Rikici tsakanin tarayya da jiha, ko jiha da jiha, Kotun Ƙoli yake zuwa kai tsaye. Haraji na tarayya, kwastan, kamfanoni, ma'adinai da ƙalubalantar matakin hukumar tarayya na Babbar Kotun Tarayya ne, sashe na 251 ya jera su. Sallama daga aiki da albashi na Kotun Ma'aikata ne. Rikicin fili da na sarauta da galibin rigingimun yau da kullum na kotunan jiha ne. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, bisa sashe na 277, tana duba aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Ƙarar zaɓe tana da agogo mai tsauri: kwana 21 a shigar bayan sanar da sakamako, kwana 180 a yanke hukunci, kwana 60 na ɗaukaka ƙara, kuma ba a ƙara ko yini ɗaya.

Akwai tarko guda da ke kama masu karatun farko. Babi na Biyu yana maganar ilimi kyauta, aikin yi, matsuguni da walwalar jama'a, sai mutum ya ɗauka ya sami hujjar kai gwamnati ƙara. Sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta wannan babi, sai dai in majalisa ta mayar da wani yanki nasa doka, kamar yadda aka yi da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Haƙƙoƙin da kotu ke tsaya wa kai tsaye suna Babi na Huɗu, sashe na 33 zuwa 46: rai, mutunci, 'yancin kai, shari'ar adalci, addini, faɗin albarkacin baki, taro da zirga-zirga. Sashe na 46 ya buɗe wa duk wanda aka taka ƙofar babbar kotu a jiharsa. Rigar kariya ta sashe na 308 kuma masu muƙamai huɗu kawai ta rufe: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna, mataimakinsa. Ba ta hana bincike, ba ta hana ƙarar zaɓe, kuma sanata ko minista ko ciyaman ba ya cikinta.

Dokar ta-ɓaci da gyaran kundi

Sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa ikon ayyana dokar ta-ɓaci, amma tana faɗuwa idan majalisun biyu ba su amince da kashi biyu cikin uku ba cikin kwana biyu in suna zama, ko goma in suna hutu, kuma wa'adinta wata shida ne sai an sabunta. Sashen bai ambaci dakatar da gwamna da baki ba, shi ya sa aikin ya sha bamban. An dakatar da gwamna a Filato a 2004 da Ribas a 2025, amma a 2013 Jonathan ya bar gwamnonin Borno, Yobe da Adamawa a kujerunsu.

Idan bincikenka ya nuna matsalar a jikin kundin kanta take, hanyar ita ce sashe na 9: kashi biyu cikin uku na dukkan mambobin kowace majalisar tarayya, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Taɓa haƙƙoƙin Babi na Huɗu, ko sashen ƙirƙiro jihohi, ko shi kansa sashe na 9, yana buƙatar kashi huɗu cikin biyar. Sashe na 315(5) kuma ya ɗaure wasu tsofaffin dokoki a jikin kundin, ciki har da dokar filaye ta 1978 da ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, da dokar yi wa ƙasa hidima, ta yadda ba a gyara su kamar sauran dokoki. Duk mai neman gyara ya ƙirga majalisun jihohi tun da wuri, domin ƙudirin 'yantar da kuɗin ƙananan hukumomi ya tsallake Abuja a zagayen da aka kammala a 2023, amma bai sami jihohi 24 ba.